Kofar Baba Alhaji da Malam Tijjani bai ga karshenta ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina daga kyauren shago a kasuwar Wambai wayata tayi kara. Nura ne, babban dan Malam Tijjani. Yace Habu, Baba ya rasu, bayan asuba.

Nace wane Baban? Wlh haka na tambayi mutum, wane Baban, kamar yanada guda goma.

Kwadon yana hannuna na zauna a kasa a bakin shago. Ni Habu, da duk layin yan zare sun san bakina baya rufuwa, yau makwabta ne suke tambayata lafiya, ni kuma wayar kawai nake nuna musu.

Shekaran jiya Asabar fa muna tare. Yau Litinin mukayi dashi zaizo bayan azahar mu karasa aiki.

Wanda bai sanshi ba, Malam Tijjani tsohon malamin makarantar koyon sana'a ne, a unguwar Sheshe yake. Da yayi ritaya, maimakon ya shimfida tabarma ya huta irin na sauran tsofaffi, sai ya dinga bin masu gyara yana sayen matattun firinta da injin fotokwafi. Ya kwance motocin ciki, ya hada injin sassaka a soron gidansa. Irin wanda zakayi zane a kwamfuta, shi kuma ya bi ya yanka a katako shi kadai. Ba sana'a ya maidashi ba, sha'awa ce kawai. Ya yanka sunan jikokinsa, yayi abin dora littafi, ya rabar.

A wajensa na fara gani. Na tsaya baki bude, sannan nace Malam ai wannan ko ni zan iya.

Yayi dariya yace to iya mana.

Bana so ace wani ya fini, kun sani. Na sa wani abokina mai zuwa sari waje ya taho min da nawa injin a kwali, ya ninka na Malam girma. Na shigo nan shafina na rubuta Injiniya Habu ya sauka. Abinda ban rubuta ba shine Malam ne ya hada min shi, kwana tara yana zuwa da kafarsa har gidana a Kofar Nassarawa. Nawa aikin mika sifana ne da surutu.

Ko ruwan leda na siyo sai yace dama ka bari, na sha a gida.

Ranar da na jona waya a baibai hayaki ya tashi, ko fada Malam baiyi min ba. Ya ciro wani dan allon wuta daga aljihun babbar riga yace dama nasan za'a rina, na taho da spare.

To ga inda maganar take.

Daminar bara soron gidan su matata Rabi ya rushe a Sheshe. An sake ginashi da bulo, amma kofar tana nan, tsohon kyaure na madaci tun na kakanta. Baki wuluk, nauyi kamar gawar bijimi. Baba Alhaji, yayan mahaifinta, shine babba a gidan yanzu, kuma mutum ne da in ya kalleka sau daya sai ka duba ko ka taka wani abu. Yace Juma'ar nan za'a maida kofar, dangi duk zasu zo a yi addu'a.

Ni da bakina, a gaban surukai, ina tsugune, nace Baba ai da an bani ita na zana mata dagi biyu, sama da kasa. Injina minti kadan ne.

Ya dubeni yace Habu, kofar nan guda daya ce. Babu irinta a kasuwa.

Nace Baba ko a mafarki zanyi.

Aka dorota a kura aka kai min.

Akwai wani abu a harkar nan da ake kira fos furosesa, mu fos muke cewa. Yadda Malam ya fahimtar dani shine, kwamfuta ta san fure ta san dagi, inji bai san komai ba sai hagu, dama, sama, kasa. Fos shine tafinta a tsakaninsu. Kowane inji da irin tafintan da yake ji. Yace in ka dauko na wani ka bawa naka, zai fada masa abinda baka ce ba, kuma inji baya tambaya, yi kawai yake.

Ni kuma na tsinci wani fos a guruf din masu inji a waya, ance na manyan kamfanoni ne. Nace ai shikenan, nima babban kamfani ne. Na zuba shi a sofwaya ban fadawa Malam ba.

Na gwada sau daya a guntun katako. Yayi kyau har karshe, sai naji kas, bit din ya karye, wato dan karfen dake yankan. Guntun ya wuce ta gefen kunnena ya bugi kwano. Nace jabu ne suka sayar min. Na sa sabo, na dora kofar mutane a inji na daure.

Rabi tana kallona ta taga. Ta dauki waya ta kira matar Malam.

Ranar Asabar da hantsi, laftof a bude, yatsana saura kiris ya danna, naji sallama.

Malam ne, yana haki ya shigo. Ko zama baiyi ba yace dauke hannunka daga nan.

Nace Malam ai na gwada.

Yace a me?

Nace a katako.

Yace ina bit din da ka gwada dashi?

Ya kalli kwano, ya ga wajen da ya lotsa, ya kalleni.

Yace cire bit, sa biro.

Wannan dabi'arsa ce. Baya yanka komai sai inji ya fara rubutawa da biro a takarda. Kuma takardar tasa fastar yan siyasa ce, wadanda suka rage bayan zabe, yake tarawa a karkashin gado. Yace bayansu fari ne tas, shine wajen da yafi amfani. Ya warware guda biyu da ya taho dasu a hammata ya manna a kan kofar, fuskar dan takara tana kallon katako.

Na danna. Biro ya dinga tafiya, dagi ya fito kamar a littafi. Na fara taka rawa, nace Malam ka gani ko? Injiniya ba'a banza ba. Rabi fito ki ga mijinki.

Yace bai gama ba.

Yana rufe baki inji ya gama layin karshe, ya dan tsaya, sannan ya kwasa a guje zuwa kusurwa. Bai daga kai ba. Biro ya keta takardar tun daga tsakiyar dagi har karshen kofa, ya fashe, tawada ta watsu.



Na tsaya ina kallon yagar nan. Da karfe ne a wajen biro, da ya raba kofar kakan Rabi gida biyu. Na hango kaina tsugune gaban Baba Alhaji. Na hango Rabi tana hada kaya.

Malam bai zageni ba, kuma da ya zaga da naji sauki. Ya jawo benci ya sa tabarau yace bude min tafintan naka mu gaisa.

Rubutu ne zalla a ciki, lamba da harufa, ni kallon tururuwa nake musu. Ya dinga bi da yatsa layi layi. Can ya tsaya yace gashi nan. Wannan layin cewa yake in an gama a koma gida. Injin kamfani ya san gidansa a sama yake, naka bai san inda gidansa yake ba, sai ya tafi inda yaga dama da wuka, wato bit din nan, a kasa.

Ya goge. Ya rubuta a daga kai tukunna, sannan a kashe wuka, sannan a tafi a hankali.

Sai ya kara wani abu da nasan babu Baturen da zai tuna dashi. Yace mu nan ana dauke wuta ba sallama. Ya gyara fos din yadda bayan kowane reshe na dagi inji zai daga kai ya tsaya, sai ka danna sannan ya cigaba. In wuta ta tafi, reshe daya ka rasa, kasan daga inda zaka tashi. In an kira sallah ma ka tafi abinka.

Nace Malam wannan ai zai bata lokaci.

Yace ina zakaje?

Muka sake da biro sau biyu. Lafiya lau. Na dauko bit, yace ajiye.

Ya ciro mayen karfe na tsohuwar sifika, ya daure da zare, ya dinga jansa a kan kofar a hankali kamar mai duba mara lafiya. Yace tsofaffin kofofi kusoshi suke boyewa, katako ya hadiyesu shekara da shekaru. In bit ya hadu da kusa a guje, sai ya tsaga katakon, in anyi rashin sa'a ya tafi da idon mutum. Duk inda mayen ya kama sai ya zagaye da alli. A sama ya samu hudu, duk a gefe, basu shafi zane ba.

A kasa, bangaren dama, ya dade. Ya ja, ya dawo, ya sake ja. Zaren yana dan karkata amma baya kamawa.

Nace babu komai Malam, hannunka ne ke rawa.

Yace hannuna yana rawa, amma ba shi bane.

A nan na lura gumi yake, rigarsa ta jike, alhali ba'a zafi. Yana yawan dafa kirji. Nace lafiya? Yace tuwon jiya ne ya tsaya min.

Muka yanka na sama. Ina tsaye hannuna akan abin kashewa, shi yana zaune ido a kan bit. A reshe na uku aka dauke wuta. Na kwala ihu nace shikenan an kasheni. Yace zauna. Wuta ta dawo, ya maida inji farkon reshen, ya bi sawun nan daidai, ko gashi bai kauce ba.

Da la'asar dagin sama ya fito. Jan madaci daga cikin bakin nan, kamshi ya cika daki. Rabi ta leko ta rike baki.

Nace mu afkawa na kasa yanzu yanzu.

Yace a'a. Kasan nan bai kwanta min ba. Ya zare filash din da aikin yake ciki daga laftof ya jefa a aljihu, yace zan tafi dashi gida. Kada ka kwance kofar nan, kada ka motsata ko mili daya. Kada ka danna komai. Litinin bayan azahar.

Nace to in kaika a babur.

Yace ni da naga yadda kake tuka inji?

Ya fita yana dariya, yana dafa bango. Ganina dashi na karshe kenan.

Yanzu ga wadda tafi cina. Kuna nan ranar Asabar da yamma na dora hoton dagin sama, na rubuta aikin hannun Injiniya Habu, babu mai koya min. Kuka dinga zuba yabo ina amsawa daya bayan daya. Ku koma ku duba, kwament din Malam yana nan. Masha Allah, Allah ya kara basira. Iyakarta kenan.

Karya nayi muku. Ni biro kawai na daura.

Yau karfe goma aka sallaceshi a kofar gida. Da muka dawo daga makabarta Nura ya jani gefe ya sa min wani abu a hannu, a nade a takarda. Filash din ne. Yace jiya tunda ya dawo daga fita da safe wuni yayi akan laftof, munce ya kwanta yaki, yace na Habu ne, in yazo a bashi.

Ina tsaye dashi a hannu naji ance Habu.

Baba Alhaji ne akan tabarmar makoki. Na cire takalmi na tsuguna.

Yace Juma'a fa.

Mutane a zaune ta ko'ina. Nace Baba, aikin nan ba ni nayi ba. Marigayi ne. Ni da an barni da tuni na kashe kofar. Rabin kasa yana nan, kuma tsoro nake ji.

Ya ja carbi sau biyu ko uku. Yace kai da matarka ce ke daura maka kwan fitila, ka zata na yarda kai kayi?

Wani a gefe ya tuntsire da dariya ya toshe baki.

Yace jiya da safe Tijjani yazo min. Sau uku yana hutawa tsakanin gidansa da nawa. Yace Alhaji, kofar nan an taba yi mata gyara a kasa? Nace ina yaro gara ta ci gefen dama, babanmu ya kira makeri ya sa mata karfe a ciki, aka rufe da katako. Ya tambayeni tsawon karfen, nace shekara sittin da wani abu kenan, ina zan tuna. Yace to, zai san yadda zaiyi.

Sai ya mike ya gyara riga yace in anyi la'asar muje. Aikin da ya fara ba zai kwana a inji ba mu muna nan muna shan shayi.

Nace Baba yau?

Ya dauki sandarsa.

Bayan la'asar ga ni ga Baba Alhaji a dakin injina, yana zaune akan benci sanda tsakanin kafafu. Rabi a bayan labule. Na sa filash, fayil daya ne a ciki.

Na fara da biro. Baba Alhaji yace wannan kuma fa? Nace haka ake yi Baba. Biro ya bi lafiya. Na cire na daura bit, nayi bismillah da karfi.

Reshe na daya ya fito. Inji ya daga kai ya tsaya, sai naga rubutu a sikirin, da Hausa. Lokacin biro ido na kan takarda ban lura ba. Ashe ya gyara fos din yadda duk tsayawa zai fito da sako.

Habu share kura, duba dauri.

Na share. Na duba, noti daya ya dan saki. Na daure.

Na biyu. Habu in an kira sallah tafi.

Na uku. Habu daina surutu kalli bit.

Baba Alhaji yace me yake cewa? Na karanta masa. Yace ya sanka.

Reshen dama Malam ya ajiye a karshe. Inji ya tafi ya tsaya daidai saman wajen da zaren nan ya dinga karkata, wuka a kashe. Rubutun yafi sauran tsawo.

Habu kankare bakin katakon nan kadan da hannu, ka sa mayen karfe. In bai kama ba danna. In ya kama kashe inji ka bar wajen haka. Kada kayi gardama.

Na dauko kurfin sassaka na dan kankare dattin shekaru daga saman. Na sauke mayen da zare. Tun kafin ya taba katako ya fizge daga hannuna, kwas, ya manne.

Na ja ya ki fita sai da na sa karfi.

Na tsaya. Reshe daya fa. Dagi mai hannu bakwai babu na takwas. Juma'a dangi zasu cika soro, kowa zai nuna da yatsa yace ga aikin Injiniya. Shaidan yana rada min mili daya kawai, dan shafe shafe, wa ya sani ko karfen yana can kasa. Yatsana yana kan madanni. Har nace Baba, in na rage zurfin...

Yace ni ban san injinku ba. Kofar tawa ce, hannun naka ne. Shi me yace?

Nace yace a kashe.

Ya zuba min ido. Injin yana ta dan kugi, fanka tana juyawa. Naji Rabi ta saki numfashi a bayan labule.

Na dauke yatsana. Na kai hannu bango na zare filogi.

Baba Alhaji ya taso da sanda. Ya shafa dagin sama, ya shafa na kasa, ya tsaida babban yatsa a wajen da ba'a yanka ba. Ya dade a haka.

Yace kwanceta. Haka za'a kafa ta. Wanda ya tambaya, kai zaka bashi labari, kuma ka fadi gaskiya.

To na fara daga nan.

Yanzu na dawo daga magariba, kofar tana jingine a bango, lafiyarta kalau, ko tsaga babu. Ina rubutun nan ina gogewa, kuyi hakuri da shi, dama can ba gwani bane.

Ya Allah, bawanka Tijjani ya taho gareka. Ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka masa kabari. Abinda ya koyar bai karbi ko godiya ba, ka biyashi da Aljanna Firdausi. Ka bawa iyalinsa hakuri, ka tsaya musu. Mu kuma in tamu tazo ka sa mu cika da imani.

Dan Allah duk wanda ya karanta har nan, ba like nake nema ba yau. Ka daga hannu ka roka masa gafara da sunansa, Malam Tijjani na Sheshe, ko a sujjadar isha'i ce. Wanda kuma ya yabeni ranar Asabar, ya maida yabon nan addu'a ya aika masa, nasa ne.